Mai Fara Rubutu a Gwarzo da Kabo da Abin da Ya Kamata Ya Sa a Gaba

Tun da wayar hannu mai shiga intanet ta wadata a garuruwa da ƙauyukan yammacin Kano, katangar da ta daɗe tsakanin mai rubutu da mai karatu ta rushe, domin matashin da ke zaune a Gwarzo ko Kabo, ko a Getso ko Garo, yana iya rubuta shafi guda bayan sallar isha'i, kafin gari ya waye 'yan garinsu da ke ci-rani a Legas da waɗanda ke karatu a Zariya sun karanta, ba tare da ya nemi yardar edita ko ya biya maɗaba'a ko sisi ba. Wannan sauƙin shi ya sa masu farawa suka yi yawa, shi ne kuma ya sa masu ɗorewa suka yi kaɗan, saboda abin da ba a sha wuya wajen ɗaukarsa ba, ba a jin ciwon ajiye shi. Galibin waɗanda suka fara da zafi sukan yi mako uku ko huɗu suna sharhi a kan siyasar Abuja da ta Kano, sannan su yi shiru, kuma dalilin shirun a bayyane yake: sun shiga kasuwar da ta riga ta cika da 'yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo waɗanda suka fi su kusa da labarin, alhali hajar da su kaɗai ke da ita tana nan a ƙofar gidansu ba su taɓa ta ba.

Wannan yanki ba baƙo ba ne a tarihin rubutun zube, wato rubutun da ba waƙa ba kuma ba wasan kwaikwayo ba. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai domin samar wa 'yan makarantar boko abin karantawa da Hausa, kuma cikin littattafan farko da suka fito a wannan yunƙuri akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda sunansa ke ɗauke da sunan garin. Waɗannan mutane duk masu farawa ne a lokacin, wasunsu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma babu wani littafin ƙagaggen labari na Hausar boko da za su duba su kwaikwaya, don haka suka ɗebo daga abin da ke kunnuwansu da idanunsu, wato tatsuniya da hirar fada da labaran matafiya da na ɓarayi da na yaƙe-yaƙen da iyayensu suka gani. Bayan shekara shida, a watan Janairu na 1939, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta, kuma wasiƙun da masu karatu ke aiko mata daga garuruwa suka zama hanyar da malamin makaranta ko magatakardan hakimi ke ganin sunansa a ɗab'i. Bambancin wancan zamani da wannan shi ne, a da akwai wanda ke tsaye a ƙofa yana tacewa yana gyarawa, yanzu kuwa marubucin ne editan kansa, kuma duk nauyin da edita ke ɗauka ya dawo wuyansa.

Abu na farko da ya kamata mai farawa ya gane shi ne, rubutun Hausa yana da arzikin waƙa da wa'azi da labaran soyayya da sharhin siyasa, amma yana da ƙarancin shaidar gani da ido mai ɗauke da kwanan wata game da rayuwar yau da kullum ta garuruwan da ke wajen birni. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, yana bin jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu, kuma abin da manomi ya shuka ko abin da matar gida ta dafa bai shiga lissafinsa ba sai jefi-jefi. Misalin da ya fi nuna darajar irin wannan shaida ya fito ne daga kusa da wannan yanki. Baba, wata tsohuwa da ta tashi a Karo da Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano, ta zauna da Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta, tun daga zamanin harin bayi da zuwan Turawa har zuwa aure da ƙawance da goyo da riƙon 'ya'ya, kuma littafin da ya fito daga wannan hira a 1954 har yau masana tarihi a jami'o'in duniya suna komawa gare shi. Baba ba sarauniya ba ce, ba ta kuma yi karatun boko ba, abin da ta mallaka kawai shi ne ta ga abin da ta gani, kuma aka samu wanda ya rubuta. Abin takaici a nan shi ne, littafin da duniya ta sani na Turanci ne.

Saboda haka, shawarar da ta fi kowace amfani ita ce mai farawa ya taƙaita fagensa har ya zama abin da zai iya tafiya da ƙafa ya gani. Kasuwa kaɗai ta isa ta ciyar da marubuci shekara guda. Wanda ya ɗaura aniyar zuwa kasuwar garinsu kowane mako ya rubuta farashin kwanon gero da dawa da masara da wake, da buhun taki, da kuɗin mota zuwa Kano, ya kuma tambayi 'yan kasuwa biyu ko uku dalilin hawa ko sauka, to a makon farko abin da ya rubuta ba zai burge kowa ba, amma bayan mako hamsin zai riƙe abin da babu wanda ke da shi, domin zai iya nuna yadda hatsi ke faɗuwa da kaka lokacin da manomi ke bukatar kuɗin biki da biyan bashi, da yadda yake tashi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya yi irin wannan aiki a shekarar 2023, misali, zai kasance yana da bayanin yadda ƙarancin takardun naira na watannin Janairu da Fabrairu ya tsayar da ciniki a kasuwannin ƙauye, da yadda cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu ya ɗaga kuɗin mota da na ban-ruwan lambu. A nan dole ne a kula da ma'auni, domin kwano ko tiya ko mudu ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma farashin da ba a faɗi ma'auninsa da kasuwarsa da ranarsa ba, daidai yake da ji-ta-ji-ta.

Haka nan noma da abin da ke kewaye da shi: ranar da aka yi ruwan shuka, da irin da manoma suka koma shukawa da wanda suka bari, da noman rani a fadamu da gefen madatsun ruwa irin ta Guzuguzu, da yadda ake sulhunta manomi da makiyayi a gaban mai unguwa ko dagaci, da zirga-zirgar titin da ya taso daga Kano ya bi ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado ya ratsa ƙasar Kabo zuwa Gwarzo kafin ya shige Dayi ta Jihar Katsina. Mace mai rubutu kuwa tana da fagen da namiji ba ya iya shiga, wato cikin gidaje, inda ake adashi da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula, inda kuma kayan ɗaki da lefe suke sauya kama daga shekara zuwa shekara ba tare da wani ya lissafa ba.

Fage na biyu, wanda ya fi gaggawa saboda masu shi suna ƙarewa, shi ne abin da ke cikin kawunan tsofaffi. Mutumin da ya yi wayo kafin farin 1973, ko ya ga cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 ta kuma karya kasuwar da ta ɗaga ƙasar Kano tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ko ya shaida yadda aka riƙa kai yara makarantun firamare a shirin ilimi kyauta na 1976, yanzu ya haura sittin ko saba'in. Hira da irin waɗannan tana da ladabinta. Ana zuwa ne ta hannun wanda suka sani, a gaisa gaisuwa cikakkiya, a bayyana abin da za a yi da maganar, kuma ba a fara tambaya da shekara, domin dattijo bai cika lissafi da shekarun Miladiyya ba, yana lissafi ne da zamanin hakimi wane, ko shekarar wata yunwa, ko lokacin da aka yi titi, kuma aikin marubuci ne ya koma gida ya daidaita wannan lissafi da kalanda. Tambaya ƙarama ta fi babba buɗe baki, domin wanda aka ce ya ba da tarihin gari zai maimaita abin da kowa ya haddace game da maharbin da ya kafa shi, amma wanda aka tambaya nawa ya sayar da buhun gyaɗarsa na farko, kuma me ya saya da kuɗin, zai ɗauki sa'a guda yana magana. Idan dattawa biyu suka saɓa, kamar yadda sukan saɓa a kan asalin unguwa ko jerin masu sarauta, sai a rubuta ruwayoyin biyu kowace da mai ita, kada marubuci ya naɗa kansa alƙali a shari'ar da ta girme shi.

Kwanan wata da sunan wuri su ne ke mayar da rubutu shaida, kuma tarihin mulkin wannan yanki ya nuna dalili. Iyakar da ke yamma da Gwarzo iyaka ce da Jihar Kaduna har zuwa 1987 lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, kuma a 2019 an sanya Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye, sannan aka soke dokar da ta yi hakan a 2024. Marubucin da ya ce sarki ya zo ko hukuma ta hana, bai kuma faɗi rana da wata da shekara ba, ya bar mai karatun gaba cikin duhu game da wane sarki da wace hukuma yake nufi.

Game da yawan rubutu, ƙa'idar ba ta da wuyar faɗi: gajeren rubutu na kalmomi ɗari uku zuwa ɗari biyar da ke fitowa a rana ɗaya sananniya kowane mako ya fi dogon rubutun da ke fitowa idan an ga dama, saboda mai karatu yana sabawa da rana kamar yadda yake sabawa da ranar kasuwa. Yana da kyau mai farawa ya tara rubutu huɗu ko biyar a ajiye kafin ya saki na farko, domin makon rashin lafiya ko na biki ko na girbi yana nan tafe. Kuma rubutun da aka gama da dare a bar shi ya kwana, a karanta shi da murya da safe, saboda kunne yana kama tuntuɓen da ido ke tsallakewa.

Batun ƙa'idojin rubutu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake gane wanda ya ɗauki aikin da gaske. Hausar boko tana da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tare da 'y wadda a Nijar ake rubutawa ƴ, kuma barinsu ba ƙaramin kuskure ba ne tunda suna sauya ma'ana: baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kuma wanda ya rubuta cewa an yi fada a garinsu alhali faɗa yake nufi, ya gina wa hakimi mazauni maimakon ya ba da labarin rikici. Uzurin da ake kawowa a da, cewa na'urar ba ta da haruffan, ya ƙare, domin allon rubutu irin Gboard yana da Hausa, kuma saita shi ba ya cin minti biyar. Bayan haruffa sai raba kalmomi da haɗa su, inda kuskure ya fi yawa. Ana haɗa yana da tana da suna, ana raba shi ne da ita ce, ana manna gajeriyar mallaka kamar a gidansa da gonarta, kuma akan mai nuna al'ada, kamar a akan yi shuka bayan ruwa, ba ɗaya take da a kan mai nuna wuri ba, kamar a a kan tabarma. Waɗannan ƙa'idoji ba wani mutum ɗaya ya ƙago su ba, an daidaita su ne a hankali tun daga aikin Zariya na shekarun 1930 zuwa tarukan masana irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Mutumin wannan yanki ya yi sa'a, tunda daidaitacciyar Hausa ta ginu ne galibi a kan Kananci, amma yana zaune a bakin iyakar Katsinanci, kuma idan ya kawo maganar dattijo ko ta Bafulatanin ruga, ya fi kyau ya bar ta da karinta yadda ta fito, domin kalmar da ake ganin ta ƙauye ce yau, wataƙila ita ce mai nazarin harshe zai zo nema gobe.

Nauyin edita da ya dawo kan marubuci ya fi bayyana a wajen tantance labari. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, don haka kuskuren da jaridar birni za ta gyara da layi biyu, a nan yana iya raba zumunci ko ya kashe aure ko ya tayar da unguwa. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ba majiya ba ne, wato ba tushen da za a dogara da shi ba ne, ko da mutum goma ne suka turo shi, domin goman nan bakinsu ɗaya. Abin da ya shafi tsaro, musamman a garuruwan bakin iyaka, ya fi kowane bukatar taka-tsantsan, tunda labarin hari na ƙarya yana iya watsa kasuwa ko ya jawo a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Marubuci ya bambanta wa mai karatu abin da ya gani, da abin da aka faɗa masa, da abin da yake zato, kuma idan zai soki aikin hukuma, kamar rijiyar burtsatsen da ta lalace ko ajin da rufinsa ya yaye, ya tsaya a kan abin da ake iya zuwa a gani, ya nemi jin ta bakin wanda abin ya shafa, ya guji shiga niyyar mutane. Wannan ladabi ne na addini da al'ada kafin ya zama na doka, amma dokar ma tana nan, domin ɓata suna laifi ne a kotunan jiha, kuma an sha gurfanar da masu rubutu a intanet ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Hoto ma haka, ba a ɗaukar matan aure ko yara ko marasa lafiya a watsa ba da izini ba. Kwashe rubutun wani a goge sunansa kuwa, wanda ya zama ruwan dare har wasu ba sa ganin laifinsa, satar fasaha ce, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka wallafa ta waya kamar yadda ta shafi littafi.

Akwai kuma abin da masu farawa ba sa tunawa sai ya same su, wato ajiya. Duk kafar da mutum ke sakin rubutunsa, Facebook ce ko wata, rumfar haya ce a kasuwar wani, kuma mai kasuwa ko hukuma na iya rufe ta. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kuma a Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, ban da satar waya da faɗawarta ruwa da mantuwar kalmar sirri, waɗanda suka fi waɗancan yawan faruwa. Saboda haka asalin rubutu ya zauna a wuri biyu aƙalla, ɗaya a littafin rubutu mai kauri da biro, wanda ba ya bukatar caji ko data, ɗaya kuma a adireshin imel na marubucin, tare da muryoyin hirar da ya ɗauka, kowace da sunan mai magana da gari da rana.

Maganar kuɗi ba ta bukatar dogon bayani, tunda wanda ya shiga wannan aiki don su zai fita da wuri. Marubutan da aka yi wa laƙabi da na adabin kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa, sun tashi ne a shekarun 1980 da 1990 a lokacin da galibin marubuta ke buga littattafansu da aljihunsu, kuma masu karatu ne suka ɗaga su sannu a hankali. Yau wasu marubutan labarai suna sayar da rubutunsu babi-babi ta waya, gasa irin Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta kuma fito da sunaye da yawa, amma mai rubuta farashin hatsi da hirar tsofaffi ribarsa ta farko ita ce yardar mutane. Masu karatu arba'in 'yan gari, waɗanda za su tare shi a masallaci ko a wurin ɗaurin aure su ce ya yi kuskure a sunan dagacin da ya gabata, sun fi masa dubun da ba su san inda Kutama ko Durun take ba, domin waɗannan arba'in ɗin su ne editocin da zamani ya hana shi, kuma gyaran da suka yi ya kamata ya fito fili a rubutu na gaba tare da godiya.

Idan shekara ta zagayo, rubutu hamsin na kalmomi ɗari huɗu-huɗu sun kai kalmomi dubu ashirin, wato ƙaramin littafi. A wannan mataki ne ake sake karanta su gaba ɗaya, a zubar da masu rauni, a jera sauran bisa jigo ko bisa watanni, a ba malamin Hausa na sakandare ya duba ƙa'idojin rubutu, a ba wani dattijo ya duba sunaye da nasaba, sannan a kai maɗaba'a a Kano a buga ko da kwafi ɗari ne. Hukumar Ɗakin Karatu ta Ƙasa ce ke ba da lambar shaidar littafi, kuma doka ta tanadi a ajiye mata kwafi uku na abin da mai ɗab'i mai zaman kansa ya buga. Sauran kwafin kuwa a raba su tsakanin makarantun garin, da fadar hakimi, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa da ke Kaduna, inda ɗalibai masu neman bayani a kan Gwarzo da Kabo suke zuwa bincike.